Allurar Wata-Wata da Kitson Inna

Shekarun baya, bayan an mayar da ni koyarwa Kebbe, gashin gaban kaina ya fara ja da baya. Ba zubewa yake yi a ga tulinsa a mataji ba, sulalewa yake yi a hankali kamar baƙon da ba ya son rakiya. Gefen hagu ne ya fara, sai na dama ya ga abin ya yi masa kyau ya bi sahu. Na yi ta sauko da ɗaurin ɗankwali ƙasa-ƙasa, har wata abokiyar aikina ta ce in na ƙara saukowa kaɗan sai an riƙa yi mini jagora zuwa aji. Na taya ta dariya, na koma gida na daɗe a gaban madubi ina kallon goshin da ban san ina da girmansa ba.

Abin da ya tuno mini da wannan shi ne tambayar da wasunku suke ta turo mini tun da na ambaci allurar gashi kwanakin baya. Wai sau nawa ake yi, kuma wace tazara ake bari tsakanin wannan da waccan. Amsar ba ta da tsawo, za ku ji ta a cikin labarin. Sai dai ni tawa allurar ba ita kaɗai ta zo ba, ta haɗo da mahaifiyata, kuma ba na iya ba da labarin ɗaya in bar ɗayar.

Ni 'yar fari ce. Wanda ya tashi a wajenmu ya san abin da hakan ke nufi. Mahaifiyata, wadda muke kira Inna, ba ta taɓa kiran sunana ba, "ke" ce kawai, in kuma da wasu take magana sai ta ce "waccan". Ana yaye ni aka miƙa ni ɗakin kakata. Gida ɗaya muke a Tambuwal, amma tsakanina da Inna sai gaisuwa da aike. Ƙannena suna hawa jikinta, suna sa hannu a kwanonta, ni kuwa in na faɗi na fasa gwiwa sai ta kau da kai ta ce wa wata ta duba ni. Ba ƙi ba ne, kunya ce, haka ta taso ta ga ana yi, kuma ban taɓa riƙe ta da shi a raina ba.

Abu ɗaya ne kunyar ba ta hana ba, shi ne kitso. Inna makitsiya ce, irin wadda ake kama layi a ƙofar ɗakinta ana gobe Salla. Abin magana ne a ce 'yar makitsiya tana yawo da kitson wata, don haka kaina nata ne tun ina ƙarama. Za ta shimfiɗa tabarma ta ce, "Ke, taho zamna." In zauna tsakanin ƙafafunta, bayana a jingine da gwiwoyinta. Da yake ba ma kallon juna, sai baki ya buɗe. Duk abin da uwa ke faɗa wa 'ya, a wannan zaman na ji shi. A nan ta yi mini bayani lokacin da na fara girma, a nan ta tambaye ni ko ina son wanda na aura, a nan muka yi kukan rasuwar Baba makonni bayan kowa ya gama nasa. Ƙeyata take yi wa magana, ni kuma ina amsa wa bango. Da ta kitse jelar ƙarshe sai ta dafa kafaɗata in tashi, mu koma yadda muke sai wani kitson.

Kitson Inna kuwa ba na wasa ba ne. In ta gama da ke, girarki a ɗage take, kina yawo da fuskar mai mamaki. Kwana biyun farko tauna ma a hankali ake yi, sujada kuwa sai kin lallaɓa goshi ƙasa. Amma zai yi wata cur bai tashi ba, kuma duk inda kika shiga sai an tambayi wadda ta yi. Da na koma Kebbe ya zama sai ƙarshen wata nake zuwa gida, sai ta ƙara matse hannu don ya kai ni har in dawo. Ni kuma na saba, ban taɓa haɗa ciwon da goshin da ke faɗaɗa ba.

Babu abin da ban shafa ba. Man shanu, man kaɗanya, man habbatus sauda, har ruwan albasa na yi ta matsawa, maigidana yana shigowa ɗaki yana tambayar ko miya aka zubar. In na tambaye shi yadda ya ga kan, sai ya ce shi bai ga komai ba, kuma wannan amsar ta fi komai ba ni haushi, don ƙasa yake kallo in zai faɗe ta. A ƙarshe abokiyar aikin nan tawa mai tsokana ita ce ta ce yayarta ta taɓa zuwa wajen wata likitar fata a Sakkwato, in je in gwada.

Likitar mace ce, ba ta da yawan magana. Ta sa na cire hijabi da ɗankwali, ta haska wata 'yar fitila mai gilashi tana bin bakin goshina. Ta fara tura ni gwajin jini, wai kada a yi ta fama da kai alhali ƙarancin jini ne. Da sakamako ya fito lafiya, ta yi mini bayanin allurar da suke kira PRP. Jininki za a ɗiba a hannu, a sa a wata na'ura ta juya shi har ya rabu, wani ruwa mai launin man gyaɗa ya taso sama. A cikinsa ne ake samun abubuwan da ke warkar da rauni a jiki. Shi za a zuƙa a bi fatar kai da shi, tsira nan, tsira can, ko tushen gashin da ya yi sanyi zai farfaɗo.

"Sau ɗaya a wata, wata uku a jere," in ji ta. "Daga nan mu tsaya mu duba. In ya karɓe ki, sai a riƙa maimaitawa duk bayan wata huɗu zuwa shida. Ba kowa yake yi wa aiki ba, ba zan ɓoye miki ba. Kuma taki zubewar ta ja ce, Malama. Sai kin bar kitso mai tsauri."

Na ce to. Irin "to" ɗin da ɗalibaina ke ce mini in na ce su yi karatu a lokacin hutu.

Daga nan ƙarshen watana ya zama aiki. Ranar Juma'a in tashi daga makaranta in tafi tasha, in zauna a mota ana jiran ta cika, rana tana dukan kwanon motar. In isa Tambuwal da yamma, in tsefe kai in wanke, don ba a yin allurar a kan kitso. Asabar da safe in kama motar Sakkwato. A Dogon Daji direba sai ya tsaya ɗaukar kaya, ko da kuwa babu inda za a sa su. In isa asibiti, a ɗaure hannu a ɗibi jini, in zauna ina jin na'ura tana gurnani, sannan in sunkuyar da kai. Suna shafa wani abu don ya rage zafi, amma ragewa kawai yake yi. Ina jin kowace tsira, hawaye na zubo mini ba don ina kuka ba, su da kansu suke zuwa. Sai in dawo Tambuwal da la'asar, kowane rami motar ta faɗa sai na ji shi a goshina.

Lahadi da hantsi kuma Inna ta shimfiɗa tabarma.

Ta san asibiti nake zuwa, iyakar abin da ta sani ke nan. Ranar farko da na faɗa mata ta ce, "Allah shi sawwaƙa," ta ci gaba da tsince shinkafarta. Ba za ta tambayi 'yar fari me ke damunta ba, ko da abin yana cin ta. Ta ga jajayen ɗigo a fatar kaina, ta ɗauka ƙurajen zafi ne, ta lakato man shanu ta shafa mini. Sannan ta ɗauki tsinke ta tsaga, ta kama, ta ja. Kan da aka gama tsirewa jiya, ga shi yau a hannun Inna. Nakan cije leɓe in ƙura wa bango ido, ita kuma tana ba ni labarin unguwa, wa ya haihu, wa ya yi yaji, saniyar wa ta shiga gonar wa.

Na san za ku ce me ya hana ni magana. Ni ma na sha tambayar kaina a cikin mota. Amma ku duba, in na ce a bar kitso, me zan zo yi Tambuwal? In zauna a gabanta mu kalli juna? Ba mu iya ba. Wannan tabarmar ce kaɗai inda nake da uwa. Kuma ta yaya zan buɗe baki in ce wa matar da ake yabon hannunta tun kafin in yi wayo, hannunki ne ke cire mini gashi? Sai na lallashi kaina da cewa allura za ta fi ƙarfin ja. Da yake a tsefe nake zuwa asibiti, ina ganin likita ma ba za ta gane ba.

Bayan allura ta uku, likita ta fito da wayarta ta jera hoton da ta ɗauka ranar farko da na ranar. Na leƙa, na sake leƙawa. In akwai bambanci, to sai mai gilashi ya gan shi. Na tuno zaman tasha, da ramukan hanya, da jinin da aka yi ta ɗiba, na ji wata gajiya ta sauko mini tun daga wuya.

"Likita, ko dai a matso da ita?" na ce. "A maimakon wata, a riƙa yi duk sati biyu. Zan iya jurewa."

Ta ajiye wayar a tebur. "Malama, ba a nan matsalar take ba. Tushen gashi yana da nasa lokacin, ba ya sauri don an matsa masa. Watan da muke bari, don fata ta huce ne, abin da aka zuba ya yi aikinsa. In na yi miki duk sati biyu, jininki kawai za mu yi ta ɗiba, kanki ya yi ta tsami." Ta sake haska fitilarta a bakin goshina. "Ga ƙanana nan suna fitowa, amma duk a karye suke. Waɗannan ƙurajen kuma ba na allurata ba ne. Wa ke miki kitso?"

"Mahaifiyata."

"To ai da sauƙi. Ki ce mata ta sassauta, ko ta bar gaban gaba ɗaya."

"Ni ce 'yar fari," na ce.

Ta kalle ni. Ita ma 'yar ƙasar nan ce, ba sai na yi mata dogon bayani ba. Can ta ce, "Mun gama zagayen farko. Ba zan ƙara taɓa ki ba sai bayan wata huɗu. In kin dawo na ga irin wannan, zan ce ki daina wahalar da kanki da hanya. Kuma ki sani, inda tushe ya mutu ya zama tabo, babu allurar da ke tayar da shi. Gefen hagun nan ya kusa."

Na fito ina jin haushinta, don na so ta ba ni wata dabara ce, ba gaskiya ba. A wannan Lahadin na ce wa Inna kaina na ciwo. Ta aika aka sayo mini maganin ciwon kai, ta jira na sha, ta shimfiɗa tabarma. Na ce ko za a yi manya guda biyu kawai saboda zafi. Ta ce, "Awa wadda ba ta da kowa?" Ta yi mini ƙananan zane, sun fi na kullum kyau.

Ina isa Kebbe na zauna na tsefe shi, ina tsefewa ina jin kamar sata nake yi. Ƙarshen watan da ya biyo baya ban je gida ba. Damina ta sauka, na aika cewa hanya ta lalace, kuma ba ƙarya na yi ba, ta lalace ɗin, sai dai motoci suna wucewa. Na riƙa kama gashin da kaina gida biyu, sako-sako, in tura a ɗankwali. Wata na biyu ma na zauna. Inna ba ta aiko da tambaya ba. Wani direban garinmu ne ya yi sallama wata rana ya miƙo mini ƙullin leda, ya ce in ji tsohuwa. Man shanu ne a ƙaramar roba, da garin karkashi na wanke kai. Babu saƙon baki ko ɗaya. Na ajiye ledar a kan gado na daɗe ban buɗe robar ba.

A cikin waɗannan watannin ne gashin ya fara nuna kansa. Wata safiya ina alwala na shafa goshi na ji laushi a inda na saba jin santsi. Na je madubi. Ga su nan, ƙanana, sirara, sun yi layi a gefen dama, 'yan kaɗan kuma a hagu. Na yi murna, ba zan ce ban yi ba. Amma murnar ba ta kai azahar ba, don na san ƙarshen wata na zuwa, kuma ba zan iya cinye wata na uku ban ga Inna ba.

Na je. Ta amsa gaisuwata tana kallon murhu, ta tambayi yara da maigidan, ta sa ƙanwata ta kawo mini fura. Washegari da hantsi na ji ƙarar kakkaɓe tabarma. Na fito na zauna inda na saba.

Ta zare ɗankwalin, ta warware kamun da na yi, ta ce, "Kan ga ya manta hannu." Iyakar abin da ta faɗa game da watannin da ban zo ba ke nan. Ta fara daga ƙeya. Ina jin yatsunta masu sanyin mai suna bin tsaga, gwiwarta tana tokare da kafaɗata, tana ba ni labarin matar ƙanena da ta kusa haihuwa da yadda gero ya yi kyau a gonarmu ta garin Sanyinna. Na lumshe ido. Na yi kewar wannan zaman fiye da yadda na zata. Na ce a raina bari in bar ta, wannan karon kawai.

Sai ta juyo da kaina ta iso gaba. Na ji ta tsaya.

"A'a. Ga wasu nan sun tsiro," ta ce. Ban taɓa jin irin wannan daɗin a muryarta a kan wani abu nawa ba. Ta shafa su da babban yatsa. "Ƙanana awa gashin jinjiri. Bari in kamo su su shiga layi, wurin ga shi rufe."

Na ji bakin tsinke yana tattaro su. Na ji ta naɗe su a yatsa, fatar goshina ta fara ɗagawa.

"Inna, bar su."

Tunda nake ban taɓa ce mata ta bar wani abu ba. Hannun ya tsaya, amma bai saki ba. Na ƙura wa bango ido na ci gaba, don na san in na yi shiru ba zan sake farawa ba.

"Asibitin da nika zuwa Sakkwato, don gashin ga na. Jinina su ka ɗiba su yi man allura ga kai, wata-wata. Ƙananan ga, su anka samu. Likita tac ce ja na ka tuge shi. Tac ce in anka ci gaba da matsewa, gefen ga na hagu ba shi ƙara fitowa."

A hankali na ji yatsunta sun buɗe.

"Tun yaushe kinka shina?"

"An kwan biyu, Inna."

"Kina tahowa da kai ɗanye daga allura, kina miƙo man, ni ko ina ja."

"E."

"Mi ah hana ki faɗi?"

Ina jin ta san amsar, don ba ta sake tambaya ba. Ta sauke hannuwanta kan cinyarta. Da ta yi magana, muryar ta yi ƙasa sosai.

"Na ga yana tafiya. Tun shekarar da kinka koma Kebbe nig gani. Kowane kitso sai in ga wurin ya ƙara faɗi. Shi as sa nika kamo na bakin in matse, in jawo su bisa wurin, kada matan dangin mijinki su gani su yi maki dariya. In kin tafi sai in ta tunanin wane zane za ya rufe shi in kin dawo." Ta ja numfashi. "Ashe ni ka cire shi."

Na ce, "Ba ki shina ba, Inna." Ta ɗauki tsinke ta fara tsefewa, har layukan ƙeya da ba su yi laifin komai ba. Ban taɓa sanin hannunta yana da irin wannan taushin ba. Ta shafa mai a ko'ina ban da bakin goshi, nan ko kusa ba ta je ba. Ta ɗaura mini ɗankwalin da kanta, ta naɗe tabarma ta shiga ɗaki.

Da la'asar ta aika aka kira wata maƙwabciyarmu, wadda ta koyi kitso a wajen Inna shekaru da yawa da suka wuce. Inna ta tsaya a kanmu ta ce a yi manya, a bar gaba kamar faɗin yatsa biyu kada a taɓa. Da ta ga an fara daidai sai ta wuce madafi. Matar tana da kirki, hannunta ba nauyi, ta yi ta jan ni da hira. Ni dai ina ta jin ƙarar ludayi a tukunya.

Da wata huɗu suka cika na koma Sakkwato. Likita ta haska fitilarta ta ce yanzu aka fara magana. Aka yi ta huɗu, aka sake wata bayan wata huɗu, daga nan ta ce in riƙa zuwa duk wata shida. Har yau a kan haka nake, sau biyu a shekara. Wani lokacin azumi ko jarrabawar ɗalibai kan sa in ƙara 'yan makonni, ta ce wannan ba komai, tsallake shekara ne ba ta so. Gefen dama ya dawo kusan duka. Na hagu ya cike rabi, ya bar wani wuri kamar faɗin babban yatsa, sumul, wanda likita ta ce in daina sa rai da shi.

To ga amsarku, masu tambaya. Yadda aka yi mini, wata-wata sau uku, sannan a duba, sannan duk wata huɗu zuwa shida. Matso da ita ba ya ƙara komai sai ciwo. Wata za a ce mata huɗu a farko, wata a ce ba ita take buƙata ba sam, don haka likitarki ce za ta yanke miki, ba ni ba. Kuma in ja ne ya kawo taki zubewar, ki fara da abin da ke jan, kada ki ɓata wata uku irin nawa.

Na taɓa roƙon Inna sau ɗaya, bayan kusan shekara. Na ce likita ta ce sako-sako ba laifi, ta yi mini ko guda huɗu ne. Tana tankaɗe a lokacin, ba ta ɗago ba. Ta ce, "Hannun ga bai iya sako-sako ba. In na fara da sanyi, kafin in kai tsakiya ya koma halinai. Ba ni gwaji bisa kanki." Tana yi wa wasu har gobe, sai dai na lura yanzu tana barin bakin goshin yara mata, ko iyayensu sun ce a kama.

Ina zuwa Tambuwal kamar da. Muna zama a tabarma biyu, mu gaisa, mu yi maganar ruwa da amfanin gona, ta tambayi yara. Kafin fura ta ƙare magana ta ƙare. Abubuwa da yawa sun same ni a 'yan shekarun nan da na so in faɗa mata, ita ma ina gani a fuskarta tana da nata, amma babu wadda ta iya farawa ido cikin ido. Maigidana yana cewa gashin ya yi kyau, yanzu kuma kaina yake kallo in zai faɗa. Ina godiya. Amma in gaya muku gaskiya, na gaji. Na gaji da hanyar Sakkwato, na gaji da sunkuyar da kai ga allura, kuma akwai ranakun da nake zama a motar nan ina tambayar kaina ko gashin ya kai abin da na bayar. Ban sami amsa ba, na dai daina tsammanin zan samu.

Kakar da ta wuce na je gida ana sheƙar gero a tsakar gida. Da zan tafi Inna ta biyo ni har bakin zaure, abin da ba ta cika yi ba. Na juyo in yi mata sallama, sai na ga idonta a kan ɗankwalina, ƙaiƙayi ya maƙale a wurin. Ta ɗago hannu. Na tsaya cak, har na ɗan sunkuyar da kai. Hannun ya zo rabi ya tsaya, ta mayar da shi cikin zanenta.

"Akwai abu bisa kanki," ta ce.

Na sa hannu na cire da kaina.